ƘIMAR GIDAN HAƊAKA A INGILA: KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Jama'a, wannan rubutun dogo ne. Wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari. Amma duk wanda yake zaune a Ingila, ko yake da ɗan'uwa a nan da ake wa tallar gidan haɗaka, don Allah ya daure ya kai ƙarshe, domin maganar gumin shekaru ce.

Abin da nake son faɗa guda ɗaya ne. Ƙimar da ake tilasta wa mai gidan haɗaka ya biya a yi wa gidansa kafin ya ƙara sayen kaso ko ya sayar, wadda ake yi wa kirari da "mai zaman kanta", an tsara dokokinta ne yadda kuɗinta da wa'adinta da asararta duk a kan ƙaramin abokin tarayya suke sauka. Safiyon da ke zuwa ya auna gidan yana iya zama mutumin kirki mai tsoron ɓata sunansa, ban yi musun wannan ba. Rigimata da waɗanda suka rubuta sharuɗɗan da ke kewaye da takardarsa ce, da kuma 'yan'uwanmu da ke ta tura mutane cikin tsarin ba tare da sun faɗa musu yadda ƙofar fita take ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan, kuma abin da zan faɗa ra'ayina ne, ba na ofishinmu ba. Amma shekarun da na yi ina aiki da fayil sun koya mini abu guda: in kana son ka san wa aka rubuta wa doka, ka duba wa ke biya idan aka yi jinkiri.

Ga wanda bai san tsarin ba, ga yadda yake a taƙaice. Tun wajen 1980, zamanin Margaret Thatcher, ake da shi. Za ka sayi kaso daga cikin gida, da can daga kashi 25 zuwa 75 cikin ɗari, a sabon tsarin 2021 kuma ana iya farawa daga kashi 10. Sauran kason yana hannun ƙungiyar gidaje, kai kuma kana biyanta haya a kansa, galibi kashi 2.75 cikin ɗari na darajar kason nata a shekara. Hayar tana ƙaruwa duk shekara gwargwadon hauhawar farashi, da ɗan ƙari a kai. Ba a ba ka sai kuɗin da ke shigowa gidanka a shekara bai wuce fam 80,000 ba, ko fam 90,000 in a Landan ne. Ka ga ke nan an yi shi ne don irinmu: nas-nas, malaman makaranta, direbobin bas, masu kula da tsofaffi, ƙananan ma'aikatan ofis. Alƙawarin shi ne, a hankali za ka riƙa ƙara sayen kaso, mataki-mataki kamar mai hawa tsani, har wata rana gidan ya zama naka ɗari bisa ɗari.

To a kowane mataki na tsanin nan, da kuma ranar da ka ce za ka sayar, akwai mai gadi a tsaye: sai an kawo takardar ƙima daga safiyo mai rajista da RICS, wato ƙungiyar safiyoyin Birtaniya da aka kafa tun 1868. Ƙiyasin dillalin gidaje ba ya karɓuwa. Abin da ka gani a Rightmove ko Zoopla ba ya karɓuwa. Ƙimar da bankinka ya yi ma yawanci ba ta karɓuwa. Sai wannan takardar, kuma adadin da ke cikinta shi ne farashi.

Bari mu bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, wa ke biya? Kai ne. Ko da kashi 25 kake da shi, ƙungiya tana da 75, kai kaɗai za ka biya safiyo ɗaruruwan fam. Ka biya lauyanka. Ka biya kuɗin cike takardun ƙungiya. Idan sayarwa ce kuma ƙungiyar ta samo mai saye, ka biya ta la'ada. A ina aka taɓa yin haka a tarayya? Mu da muka taso muna ganin mutum biyu sun haɗa kuɗi sun sayi sa don kiwo, mun san in aka kira dillali ya yi masa kuɗi, la'adar daga cikin kuɗin san take fita, kowa ya ɗauki gwargwadon rabonsa. Nan kuwa mai kashi uku cikin huɗu yana zaune a ofis, mai kashi ɗaya yana ta zaro katin banki. Kuma ba a nan kaɗai ba: kuɗin hidimar gini da na gyare-gyare ma kai ke biyan ɗari bisa ɗari, kamar gidan naka ne gaba ɗaya. Ranar biya kai ne mai gida, ranar rabo ka koma ɗan haya.

Na biyu, wa'adi. Takardar ƙimar wata uku take yi ta mutu. A cikin wata ukun nan ake so ka kammala komai: banki ya amince da bashin, lauyoyi su gama musayar takardu, ƙungiya ta sa hannu, kuɗi su fita. Duk wanda ya taɓa sayen gida a Ingila ya san ko cinikin da babu ƙungiya a tsakiya yakan ci wata uku zuwa huɗu. Bankuna da yawa tayin bashin da suke bayarwa wata shida yake yi, don sun san yadda lamarin yake ja. To me ya sa takardar safiyo za ta mutu a rabin wannan lokacin?

Abin takaicin shi ne, jinkirin sau da yawa daga ɓangaren ƙungiyar yake zuwa. Akwai wata baiwar Allah, nas ce, 'yar garinmu, da ta zo mini da fayil ɗinta in taimaka mata da rubuta wasiƙar koke. Ta tara kuɗi daga aikin dare don ta ƙara kashi 25 a ɗan gidan benen da take ciki da yaranta biyu. Ta biya safiyo. Ta tura takarda. Aka yi makonni ba amsa. Ta buga waya aka ce wanda ke riƙe da fayil ɗinta ya tafi hutu. Ya dawo aka ce ya bar aikin, an ba wa wani. Sabon ya nemi takardun da ta riga ta tura. Kafin lauyan ƙungiya ya amsa wa lauyanta, wata uku sun cika. Aka ce mata ta sake biya a sabunta ƙimar. Ta biya. A sabuwar takardar gidan ya tashi, don haka kason da za ta saya ya tashi, kuɗin da banki ya amince ya ba ta bai isa ba. Na zauna na jera kwanakin wasiƙun nan a takarda ɗaya. Babu saƙo ɗaya da ya kwana uku a hannunta ba ta amsa ba. Amma ita ta biya kuɗin jinkirin, har sau biyu: ta biya safiyo, ta kuma biya ƙarin farashi. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

A ofishinmu, in mu ne muka riƙe takardar mutum, ba ma ƙirga kwanakin a kansa. Agogo yana tsayawa har sai mun amsa. Wannan ƙa'ida ce da kowane ƙaramin ma'aikaci ya sani. Me ya hana a yi haka a nan?

Kuma kada wani ya ce mini wata uku ba komai ba ne. Ku tuna abin da ya faru daga Disamba 2021 zuwa Agusta 2023, lokacin da Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa sau 14 a jere, daga kashi 0.1 zuwa 5.25 cikin ɗari. Ku tuna ƙaramin kasafin kuɗin gwamnatin Liz Truss na Satumba 2022, da bankuna suka riƙa janye tayin bashin gida cikin kwanaki. A irin wannan yanayin, wanda aka ɓata wa mako shida ya rasa tayinsa, sabon da zai samu ba irin na da ba ne, kuma shekaru zai yi yana biyan bambancin.

Na uku, lissafin tsanin kansa. Ga misali, adadin nawa ne na ƙirƙira don a gane, amma tsarin haka yake. Gida na fam 300,000. Ka sayi kashi 25, wato fam 75,000. Sauran fam 225,000 na ƙungiya ne, hayarsa a kashi 2.75 ta kama fam 6,187 a shekara, kusan fam 515 a wata. Shekara biyar ka biya haya sama da fam 30,000, ko ba a lissafa ƙarin da ake yi duk shekara ba. Ko kwabo daga cikin wannan ba ya rage farashin kason da za ka saya. Yanzu ka shirya ƙara kashi 25. Safiyo ya zo ya ce gidan ya kai fam 360,000. Kason da aka sayar maka fam 75,000 shekara biyar baya, irinsa yanzu fam 90,000 ne. Kana tara kuɗi, tsanin yana ƙara tsawo. Wanda albashinsa bai bi farashin gidaje da gudu ba, a matakin farko zai tsufa.

Na huɗu, ranar sayarwa, kuma nan ne abin ya fi ciwo. In ka ce za ka fita, ƙungiya tana da damar neman mai saye da kanta na tsawon mako takwas a tsofaffin yarjejeniyoyi, mako huɗu a sababbi. A wannan lokacin farashin da safiyo ya rubuta shi ne farashi, ba za ka ɗora komai a kai ba. In ba ta samu kowa ba, sai ka kai kasuwa. Da yawa a nan sukan yi dabarar sayen sauran kason da sayar da gidan gaba ɗaya a rana guda, da kuɗin mai sayen, domin masu neman cikakken gida sun fi masu neman kaso yawa.

Mu koma misalinmu. Safiyo ya ce fam 360,000. Ka kai kasuwa, wata biyu ana zuwa ana kallo, mafi girman tayi fam 330,000. Idan tarayya ce ta gaskiya, kai kashi 25 na fam 330,000 za ka ɗauka, wato fam 82,500, ƙungiya ta ɗauki fam 247,500. Amma ƙungiya tana iya cewa ita ba ta san wannan zancen ba, kasonta a kan takardar safiyo ta sayar maka, kashi 75 na fam 360,000, wato fam 270,000. Sai ka tashi da fam 60,000. Ku duba da kyau: gidan ya tashi da fam 30,000 tun da ka saya, amma kai ka zuba 75,000 ka fita da 60,000, tun kafin a cire lauya da dillali da abin da banki ke binka. Giɓin da ke tsakanin ra'ayin safiyo da gaskiyar kasuwa, kai kaɗai ka cike shi. Idan kuwa Allah Ya ba ka sa'a kasuwa ta ba da fiye da abin da safiyo ya ce, akwai ƙungiyoyin da za su ce a lissafa musu kasonsu a kan farashin da ya fi yawa. In ta faɗi taka ce, in ta tashi tamu ce. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami.

Gaskiya ne wasu ƙungiyoyin sukan yarda a sake ƙima in ka nuna musu kasuwa ta ƙi. Amma wa zai biya sabuwar ƙimar? Kun san amsar.

Na biyar, gyaran da ka yi da kuɗinka. A wajen ƙara kaso, yarjejeniya ta ce safiyo ya cire darajar gyaran da ka yi, kada a sayar maka da abin da kai ka gina. Wannan daidai ne. Amma fa sai in ka nemi izinin ƙungiya a rubuce tun kafin ka yi gyaran, kuma ka ajiye takardar. Mutanenmu nawa ne suka san da wannan sharaɗin ranar da suka kira mai gyara ya canza musu kicin? A wajen sayar da kaso kuwa, yawanci gidan ake yi wa kuɗi yadda yake, da gyaran da komai, a ba ka kasonka. Ka kashe fam 12,000 a kicin da banɗaki, darajar gidan ta ƙaru da fam 10,000, kai mai kashi 25 fam 2,500 ne naka a ciki.

Na shida, ita kanta kalmar "ƙima". Ana miƙa mana takardar nan kamar sakamakon gwajin jini, alhali ra'ayi ne na ƙwararre. Safiyo yana zuwa ya zagaya gidan, ya nemo gidaje kamar uku makamantansa da aka sayar a unguwar kwanan baya, ya kwatanta, ya rubuta adadi. Kotunan Ingila da kansu sun daɗe da yarda cewa ƙwararren safiyo yana iya kaucewa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari sama ko ƙasa ba tare da an ce ya yi sakaci ba. A gidan fam 360,000, kashi 5 kaɗai fam 18,000 ne. Wannan a wajen ƙungiyar da ke da gidaje dubbai ba komai ba ne, yau ta ci gobe ta rasa, lissafi ya daidaita. A wajen mai gida ɗaya kuwa, ajiyar shekara uku ce ko huɗu.

Kuma gida ɗaya yana iya samun ƙima biyu masu karo da juna. Safiyonka ya ce kaza, safiyon bankin mai saye ya zo ya ce bai kai ba, dukansu 'yan ƙungiya ɗaya ne, da littafin ƙa'ida ɗaya suke aiki. Banki ba zai ba da bashi fiye da abin da nasa ya ce ba, ƙungiyar gidaje ba za ta sauka daga abin da naka ya ce ba, kai kana tsakiya, gaba kura baya sayaki.

Mun ga ƙarshen wannan bayan gobarar benen Grenfell ta 14 ga Yuni 2017, wadda ta kashe mutum 72. Da aka gano cewa benaye da yawa an lulluɓe su da kayan da ke kama wuta, sai bankuna suka fara neman takardar shaidar lafiyar bango, wadda aka fito da ita a Disamba 2019. Ginin da ba shi da ita, safiyon banki sai ya rubuta sifili a wajen daraja. Masu gidan haɗaka da yawa a benayen nan suka wayi gari ba sa iya sayarwa, ba sa iya samun bashin ƙara kaso, yarjejeniyarsu kuma ta hana su ba da haya sai da izini na musamman. Amma hayar kason ƙungiya ba ta tsaya ba ko wata ɗaya. Gidan da aka ce darajarsa sifili ce a wajen banki, a wajen karɓar haya yana nan da cikakkiyar darajarsa.

Yanzu bari in juya ga masu kare tsarin, don na san za su zo, wasunsu ma abokaina ne.

Za su ce: in babu ƙima mai zaman kanta, ai kowa sai ya haɗa baki da dillali ya karya farashi ya sayi dukiyar al'umma da araha, tunda da kuɗin gwamnati aka tallafa aka gina gidajen. Na yarda ɗari bisa ɗari. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba zan taɓa cewa a saki dukiyar jama'a ba awo ba. Dillali kuma kowa ya san halinsa, zai faɗa maka abin da kake son ji don ya samu aikin. Dole a yi ƙima. To amma in ƙimar tana kare dukiyar ƙungiya ne, me ya sa ƙungiya ba za ta biya rabonta na kuɗin kariyar ba? Wa ya taɓa ɗaukar mai gadi ya ce maƙwabci ya biya albashinsa?

Za su ce: ai kai ka sa hannu, komai yana cikin yarjejeniya. Haka ne. Yarjejeniya mai shafuka barkatai da Turancin lauyoyi, wadda ake miƙa wa mutumin da ya gaji da haya, ya ga ɗaki mai sabon fenti, ana ce masa akwai wasu a layi. Kasancewar abu a rubuce bai mai da shi adalci ba. Kuma ba ni kaɗai ke faɗa ba. A watan Maris 2024, kwamitin majalisar dokokin Birtaniya mai kula da gidaje, ƙarƙashin Clive Betts, ya fitar da rahoto a kan wannan tsarin, inda ya nuna cewa hauhawar haya da kuɗin hidima da ɗawainiyar gyara da wahalar ƙara kaso sun sa tsarin ya kasa zama hanya mai sauƙi ta mallakar gida ga mutane da yawa da suka shiga.

Za su ce: babu wata hanyar da za a bi. Wannan kam ba gaskiya ba ce, kuma gwamnati da kanta ta ƙaryata su. A sabon tsarin 2021, an ba mai gida damar sayen kashi 1 cikin ɗari duk shekara har shekara 15 ba tare da ya kira safiyo ba. Ana ɗaukar farashin farko ne a daidaita shi da ma'aunin farashin gidaje na hukuma. An rage mafi ƙarancin babban mataki daga kashi 10 zuwa 5. An ce ƙungiya ta taimaka da gyara har fam 500 a shekara na shekara 10 na farko. An mai da wa'adin yarjejeniya shekara 990 maimakon 99 ko 125 na da. Duk wannan amincewa ce cewa tsohon tsarin yana da cuta. Amma waɗanda suka saya kafin nan fa? Suna nan da tsohuwar takardarsu. An gano maganin, an ce sai sababbin marasa lafiya za a ba.

Ku duba kuma ɗan hayar gidan ƙaramar hukuma da ke son sayen gidan da yake ciki a ƙarƙashin tsarin da dokar 1980 ta kafa. Hukumar ce ke yi wa gidan kuɗi ta aiko masa. In bai yarda ba, yana da wata uku ya nemi mai ƙima na gunduma, jami'in gwamnati, ya sake dubawa, hukuncinsa kuma ya hau kan kowa. Haka nan a tsarin musharaka da bankunan Musulunci na nan Birtaniya suka yi amfani da shi, kana biyan haya kana sayen kason banki a hankali, amma a kan farashin ranar da aka sayi gidan. Wannan ma yana da nasa tsadar da nasa haɗarin, ba talla nake masa ba. Na kawo su ne don a ga cewa hanyoyi suna nan, zaɓa aka yi.

Abin da nake ganin ya kamata a yi ba shi da wuya.

A raba kuɗin ƙima gwargwadon kason kowa. A mai da wa'adinta wata shida, daidai da tayin banki. In jinkiri daga ƙungiya ne, agogo ya tsaya, in takarda ta mutu a hannunta ita ta biya sabuwa, farashin kuma ya tsaya a na farko. In an kai gida kasuwa tsakani da Allah ya kasa kai adadin safiyo, a raba giɓin gwargwadon kaso, kamar yadda ake son raba ƙarin. A buɗe wa masu tsofaffin yarjejeniyoyi damar sayen kashi 1 ba safiyo. A kuma samar da hanyar ɗaukaka ƙara mai sauƙi wadda ba sai mutum ya sake zaro kuɗi ba.

Kafin a kai ga nan, ga shawarata ga wanda ya riga ya shiga. Kada ka kira safiyo sai ka gama shirinka: ka samu lauya wanda ya saba da gidan haɗaka, ka samu amincewar farko daga banki, ka tambayi ƙungiya a rubuce me da me take buƙata da kuma kwana nawa take ɗauka ta amsa. Safiyo shi ne na ƙarshe, domin daga takardarsa agogo ke fara gudu. In ƙungiya ta ba ka jerin sunayen safiyoyinta, ka tambaya ko dole ne ka zaɓa daga ciki, ka duba abin da yarjejeniyarka ta ce. Kafin ya zo, ka shiga rajistar filaye ta gwamnati, farashin da aka sayar da gidajen unguwarku yana nan kyauta, ka fitar da makamantan naka ka miƙa masa. Ka nuna masa takardun izinin gyara da rasitansu. Ka duba shekarun da suka rage a yarjejeniyarka, domin in sun kusa sauka ƙasa da 80 darajar gida tana raguwa, bankuna kuma suna fara ja da baya. In za ka sayar, ka nemi amsa a rubuce tun farko: me zai faru in kasuwa ta ba da ƙasa da ƙima, me zai faru in ta ba da sama? Kada ka yarda da amsar waya. Duk wasiƙa ka ajiye ta da kwanan watanta. In an ɓata maka lokaci, ka shigar da koke ta hanyar ƙungiyar, in ba ta gyara ba ka wuce ofishin mai sauraron koken gidaje, kyauta ne. Ka kuma rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarku, aikinsa ne.

Ku kuma 'yan'uwa masu shirya taruka kuna kiran mutane su zo su "mallaki gida da ɗan kuɗi kaɗan", wasunku ma akwai la'adar da kuke samu a kan duk wanda ya shiga, ku ji tsoron Allah. Ban ce kowa ya guji gidan haɗaka ba. Akwai wanda ya fi masa haya a hannun mai gidan da zai iya ƙara masa kuɗi yadda ya ga dama, akwai kuma waɗanda suka hau tsanin har ƙarshe. Amma in za ku nuna wa mutum hoton falo da kicin, ku nuna masa lissafin ranar fita. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Wanda ya taɓa shiga wannan lamarin, ko ya ji daɗi ko ya sha wuya, ya faɗa mana yadda tasa ta kaya, ba sai ya ambaci suna ba. Wanda kuma yake ganin lissafina bai yi daidai ba, ya kawo nasa a gani.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba kowa muhalli na halal mai albarka.